Rim ɗin Marsandi a ƙafar Camry: in bari a faɗaɗa ramukan?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da Camry ƙirar 2008, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Muscle. Kwanakin baya na ci karo da rim huɗu na alminiyam, inci 17, cirar Marsandi, 'yan Beljiyam, ko ƙwarzane babu. Na ƙirga ramuka na ga biyar, na motata ma biyar, sai na biya. Da muka je gareji rim ɗin ya shige, amma noti ba ya zama daidai, gefe guda yake ci. Bakanikena ya ce abu ne mai sauƙi, a kai wa mai injin huda ya ɗan ƙara wa ramukan faɗi, wai ya yi wa mutane da dama kuma ba wanda ya dawo da ƙorafi. Mai kayan kuwa ya ce abin da ya fita daga shagonsa ba ya dawowa. Bakaniken nan tun zamanin motar mahaifina yake mana aiki, ina jin nauyin in musa masa. Ga Sallah ta matso, zan kai iyali gida, tafiyar ta fi kilomita 300. Maiɗakina ta ji muna maganar, ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada ka bari a taɓa ramukan nan, ko magagari kada a goga musu. A wannan magana maiɗakinka ta fi ku gaskiya, da kai da bakaniken, ko da kuwa ba ta taɓa riƙe sifana ba. Bari in warware maka dalili, don ka san abin da za ka faɗa wa dattijon ba tare da ka ci masa fuska ba.

Ƙirga ramuka da ka yi rabin lissafi ne. Ramukan rim a jere suke a kan wani da'ira, kuma kowane kamfani da faɗin da'irar da ya zaɓa wa motarsa. Na Camry ɗinka milimita 114.3 ne, wato inci huɗu da rabi cif, shi ya sa a takarda za ka ga an rubuta 5x114.3. Na Marsandi kuwa 5x112 ne. Ramuka biyar nan, ramuka biyar can, amma da'irar Marsandi ta gaza taka da milimita 2.3. In ka raba biyu, kowane bol na motarka zai kauce wa tsakiyar raminsa da milimita ɗaya da ɗan ɗoriya. In ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, na Camry zai ba ka kimanin milimita 67.2, na Marsandi 65.8. Ido ba ya ganin wannan bambanci, balle a bakin shago, mai kaya yana gefe yana ce maka "ai duk biyar-biyar ne, Alhaji."

Ni a wurina wannan kusancin shi ne babban haɗarin. Da rim ɗin BMW ka saya na 5x120, ko na Golf 4 mai 5x100, da tun a gareji zai ƙi shiga, a yi dariya, kowa ya san an yi kuskure. Naka kuwa ya shige. Dalilin shigarsa shi ne yawancin Marsandin baya-bayan nan da bol mai kaurin milimita 14 ake ɗaure su, saboda haka ramukansu na da faɗi, bol ɗin Toyota kuma milimita 12 ne. Siririn bol a faffaɗan rami ai zai wuce ko da ya kauce. Shiga daban, zama daban.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu da suka tsufa a gareji. Ana ɗauka nauyin mota a kan bol biyar ɗin nan yake rataye. Ba haka aka tsara ba. Aikin noti shi ne ya matse bayan rim a jikin fuskar hob, wato cibiyar ƙafar mota da bol ɗin ke fitowa daga jikinta, matsa mai tsanani, har su zama kamar ƙarfe ɗaya. Noti guda in an ɗaure shi yadda Toyota ta ce, matsar da yake yi ta kai ta nauyin kimanin tan huɗu. Biyar ɗin ka ga wajen tan ashirin ke nan, alhali motar gaba ɗaya ba ta wuce tan ɗaya da rabi da wani abu ba. Wannan matsar ce ke ɗaukar nauyi, ita ke ɗaukar birki, ita ke shanye dukan rami. Shi bol abin da aka yi shi dominsa shi ne a ja shi a miƙe, ya ɗan miƙu kaɗan, ya riƙe. Ba a yi shi don a tanƙwara shi gefe ba.

To duba abin da ke faruwa a ƙafar motarka. Ka ɗaura noti na farko, ya nemi ya zauna a tsakiyar raminsa, sai ya jawo rim ɗin gaba ɗaya wajensa. Sauran huɗun kuma kaucewarsu ta ƙaru. Da ka ɗaure su, kowanne gefe guda na wuyansa ne ke taɓa rim, ɗaya gefen yana sama. Ƙarfin da kake sa wa sifana, maimakon ya zama matsa, wani sashe ya tafi wajen lanƙwasa bol zuwa ciki, wani ya tafi wajen dandaƙe leɓen ramin. Hannunka zai gaya maka noti ya ɗauru tamau, amma matsar da ake buƙata ba ta samu ba. Wannan "cin gefe guda" da ka gani da idonka shi ne ke nan, kuma ka yi kyau da ka tsaya a nan ba ka ce a ƙara ƙarfi ba.

Alminiyam kuma ƙarfe ne mai laushi. Wurin da noti ya ciza da gefe zai ci gaba da lotsawa a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ga zafin birki yana kumbura shi yana saki. Duk lotsawar da ya yi, matsa ta ragu. Ranar da ta ragu har rim ya fara motsi a jikin hob, ko da kaurin gashi ne, nauyin mota ya koma kan bol ɗin kai tsaye. Tayarka mai lamba 215/60R16 tana juyawa kusan sau 480 a kowace kilomita. Kano zuwa Kaduna kaɗai ta fi juyi dubu ɗari. A kowane juyi kowane bol zai tanƙwaru ya dawo. Ka san yadda ake karya waya in babu filaya: a lanƙwasa nan, a mayar can, a yi ta yi har ta tsinke da kanta ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. Haka bol ke mutuwa. Tsagar tana farawa ne a gindin tiredi, can ciki inda ba a gani. In ɗaya ya ɓalle, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa biyu waɗanda su ma sun riga sun gaji, daga nan kuma abin ba ya ɗaukar lokaci.

Kada ka manta Camry da ƙafafun gaba take ja. Su ke ɗauke da inji da giya, su ke juya mota, su ke yin mafi yawan aikin birki. In tayar gaba ta fice kana kan gudu, faifan birki ne zai sauka a kwalta, sitiyari kuma ya daina jin maganarka. Ita kuma tayar da ta fice ba tsayawa za ta yi ba, gaba za ta yi da gudun da motar ke yi, ta sami mai babur ko mai tallan rake a bakin titi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai wasu matsaloli biyu kuma da ko an gyara zancen da'ira suna nan daram.

Ta farko ita ce siffar mazaunin noti. Leƙa cikin ramin rim ɗin Marsandin da fitilar waya, za ka ga bakinsa a kwarkwaɗe yake kamar an dasa ƙwallo an cire, saboda wuyan bol ɗin Marsandi kewayayye ne. Ɗauko notin asali na rim ɗin alminiyam na Toyota ka duba: shimfiɗaɗɗe ne, da wosha a jikinsa, da ɗan wuya mai shiga cikin rami. Notin da ake sayarwa barkatai a kasuwa kuwa mai tsini ne, wuyansa a karkace da digiri 60. Siffa uku ke nan, kuma ba wadda ke zama a gurbin 'yar'uwarta. Noti mai tsini a mazauni kewayayye, a kan siririn layi kaɗai zai taɓa, kuma wannan layin ne zai fara lotsawa.

Ta biyu ita ce babban ramin tsakiya. A jikin hob akwai wani leɓe da ya ɗan fito, shi ne ke shiga ramin tsakiyar rim ya daidaita shi kafin a ɗaura noti. Na Camry faɗinsa milimita 60.1, ramin rim ɗin Marsandi kuwa 66.6. Sararin milimita shida da rabi ke nan, wato babu abin da zai tsayar da rim ɗin a tsakiya. Wannan ita kam tana da magani mai sauƙi, akwai zobe da ake sawa ya cike gurbin. Amma zobe tsakiya kaɗai yake gyarawa, ba ya matsar da ramukan noti ko da kaurin takarda.

Yanzu mu zo kan shawarar faɗaɗa ramuka. Abin da mai injin huda zai yi shi ne ya cinye mazaunin notin, wato daidai wurin da ya kamata noti ya zauna ya matse. Ko dai ramin ya zama mai faɗi ta ko'ina, noti ya rasa wurin kamawa sai ɗan leɓe, ko ya zama dogo kamar ƙwai, noti ya taɓa gefe biyu ya bar biyu. Sannan da hannu za a yi, a ƙasa, an taka rim da ƙafa. A masana'anta inji ne ke huda ramukan nan biyar a zama ɗaya, kuskurensa bai kai kaurin gashi biyu ba. Hannun mutum, komai ƙwarewarsa, rami ɗaya zai ci milimita ɗaya, na gaba ya ci ɗaya da rabi. Sakamakon shi ne taya mai juyawa ba a kan tsakiyarta ba, sitiyari yana karkarwa da ka kai wani gudu, ka yi ta zarya wurin masu balansin suna liƙa dalma suna cirewa, abin ya ƙi. Ƙari a kan haka, duk inda bakin injin ya bar kaushi ko zazzaga, nan ne tsaga za ta samu wurin farawa. Rim ɗin da aka yi wa haka ya tashi daga aiki, bai dace da Camry ba, kuma bai ƙara dacewa da Marsandin da aka yi shi dominta ba.

Maganar cewa ya yi wa mutane da dama ba wanda ya dawo, ban ce ƙarya yake yi ba. Na yarda ya yi, kuma na yarda da yawansu suna nan suna yawo. Mai motar da iyakarta gida zuwa kasuwa, cikin cunkoson gari, da wuya ya wuce gudun hamsin, zai iya shekara bai ga komai ba, musamman in mai faci yana yawan taɓa masa notin. Amma ka tambayi kanka, wanda tayarsa ta fice a hanyar Zariya, wurin wa zai koma? Mota ta tafi wurin masu gyaran jiki ko ta tafi ga 'yan gwangwan, mutane su ce taya ce ta fashe, ko a ce tsautsayi. Ba wanda zai tsuguna ya tattara guntayen bol ya duba bakin karayar, balle ya danganta ta da wata huda da aka yi wata takwas da suka wuce. Rashin dawowar mutane ba shaida ba ce. Kai kuma tafiyar da ke gabanka ita ce irin wadda ke tona asirin wannan aiki: mota cike da mutane, but cike da kaya, gudu na sa'o'i, zafin rana, ga ramuka.

Za ka ji ana cewa ai a Turai ma ana yi. Ana yi, amma bari in gaya maka yadda ake yi, sai ka auna da abin da aka ce za a yi maka.

Akwai wani irin noti da wuyansa ke a sake, kamar zobe ne da ke iya gocewa gefe da milimita ɗaya da ɗan wani abu. An ƙera shi ne daidai don irin wannan ƙaramin bambanci na 112 da 114.3: wuyan ya zauna a tsakiyar ramin rim, jikin notin ya bi bol a miƙe. Dabara ce mai ma'ana, kuma in an haɗa da zoben tsakiya akwai masu amfani da ita. Sai dai akasarinsu masu tsinin digiri 60 ne, an yi su ne don rim mai irin wannan mazauni, naka kuwa na asalin Marsandi ne mai kewayayyen mazauni. Ka ga an koma gidan jiya. Sannan ingancin ƙarfensa ba abin da za ka gane da ido ba ne a cikin leda marar suna.

Akwai adafta, wani faifai mai kauri da ake ɗaurewa a hob da notin motar, shi kuma yana da nasa bol ɗin a kan da'irar 112. In daga ingantaccen alminiyam aka yanko shi da inji, yana da leɓen tsakiya ta ciki da ta waje, to shi ne hanya mafi tsafta a cikin dabarun, don ba a taɓa rim ba, ba a taɓa hob ba. Amma dole ya yi kaurin da zai ɓoye bol ɗin motarka, abin da kan kai milimita 20 zuwa 25, kuma duk wannan kaurin waje yake tura taya. A bayan kowane rim akwai lamba da ta fara da ET, ita ke nuna inda fuskar ɗauri take daga tsakiyar faɗin rim. Rim mai ET45 in ka sa masa adafta mai milimita 25 ya koma ET20. Taya ta leƙo waje, tana gugar madigadi in an yi lodi ko an faɗa rami, nauyi ya matsa nesa da boris ya riƙa cin sa da wuri, sitiyari kuma ya sauya hali, ya riƙa fizga in ƙafa ɗaya ta daki wani abu. Noti kuma ya zama goma a kowace ƙafa, biyar daga ciki a ɓoye suke bayan rim, ba ka iya duba su sai ka cire taya. Mutumin da ke da motar ado ta fita yawon yamma, yana da kayan aiki a gida, yana jin daɗin kwancewa da ɗaurewa, wannan ruwansa. Motar da ke kai yara makaranta ba na ba ta wannan shawara. In ka haɗa kuɗin adafta huɗu na kirki ma, za ka ga arahar da ka samu a rim ɗin ta gudu.

Sai dabara ta uku, a cike ramukan da walda a sake huda sababbi, ko a huda wasu biyar a tsakanin na da. A nan ka yi hattara da duk wanda ya ce zai yi maka a bakin titi. Rim ɗin alminiyam bayan an zuba shi ana gasa shi a tanda a kan wani ƙayyadajjen zafi, shi ke ba shi tauri. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, wutar walda kuwa ta wuce nan nesa, saboda haka duk kewayen inda ta taɓa taurin nan ya tafi, kuma ba a gane wa da ido. Wurin da aka raunana kuma shi ne cibiyar rim, inda duk ƙarfi ke taruwa. Huda sababbi a tsakani kuwa sai in bayan rim ɗin cike yake da nama a wurin. Juya naka ka gani, yawancin rim na asali akwai kwarmi a tsakanin ramukan don rage nauyi, babu abin da za a huda. Masu yin wannan aiki yadda ya kamata da injin da kwamfuta ke sarrafawa suke yi, kuma su kansu sukan duba rim su ce wannan ba zai yiwu ba. A Jamus, ƙasar Marsandi, ko rim lafiyayye ka sauya wa mota sai yana da takardar da ta nuna an gwada shi a kan irin motar, in ba haka ba ba za ta tsallake binciken TÜV, masu duba lafiyar motoci a can, ba.

To ina mafita? Ka rabu da rim ɗin tun suna da darajarsu. Yanzu haka kaya ne masu kyau, cirar Marsandi, ba tabo, kuma masu Marsandi ba su yi kaɗan a Kano ba. Ranar da bakin injin huda ya taɓa su kuwa sun zama kayan awo a kilo, kuma in ka sayar wa wani a matsayin lafiyayyu ka ɗauki alhaki. Koma wurin mai kayan, amma kada ka je da maganar a dawo maka da kuɗi, tunda ya riga ya rantse a kan wannan. Je masa da maganar musaya. Ɗan kasuwa da ba ya son fitar da kuɗi daga aljihu sau da yawa yana son canji, musamman in akwai ɗan ciko. In ya ƙi, zagaya Ƙofar Ruwa ko wurin kanikawan da ke gyaran motocin Jamus, ka ce kana da rim ɗin Marsandi inci 17. A bayansu akwai lambar kamfani da ta fara da harafin A, ka ɗauki hotonta, ita za ta gaya wa mai saye irin motar da suka fito. Ka duba faɗinsu ma, don wasu Marsandin na baya sun fi na gaba faɗi. Wataƙila ka yi asarar wani abu a cinikin. Ka ɗauke ta, kada garin neman gira a rasa ido.

Abin daɗin shi ne motarka tana cikin dangi mafi yawa a ƙasar nan. Avalon da Lexus ES350 duk 5x114.3 ne, ramin tsakiya 60.1, noti iri ɗaya da naka. Rim ɗinsu na inci 17 zai zauna a Camry ɗinka kamar da shi aka haife ta. Ita kanta Camry ta shekarun 2007 zuwa 2011 akwai samfurin SE da ya zo da inci 17 daga kamfani, da taya 215/55R17, kuma wannan lambar tayar ita za ka nema don tsayin ƙafa ya tsaya yadda yake, agogon gudu kada ya yi maka ƙarya. Highlander, Sienna, RAV4, Venza da Lexus RX su ma da'irarsu da ramin tsakiyarsu ɗaya ne da naka, sai dai a nan ka duba lambar ET da faɗi, don wasu sun fi fitowa waje. Rim ɗin Honda Accord daga 2003 zuwa sama shi ma 5x114.3 ne, amma ramin tsakiyarsa 64.1, sai da zobe, kuma mazaunin notinsa kewayayye ne, sai ka haɗa da notin Honda, wanda tiredinsa ya yi daidai da na Toyota. Kada Corolla ta ruɗe ka don sunan gida ɗaya, 'yan Amurkan da suka cika titunanmu 5x100 ne. Ko wanne za ka saya, ka je da motar, a ɗaga ƙafar gaba a gwada kafin kuɗi su bar hannunka. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a tabbata bayan rim bai taɓa birki ba. A juya rim ɗin a duba ciki ko akwai alamar walda ko tsaga da aka shafe da fenti.

In Sallah ta riske ka ba ka samu ba, mayar da tsofaffin ƙafafunka ka yi tafiyarka. Ba wanda zai tare ka a ƙofar gida ya ƙi gaisawa da kai saboda rim inci 16.

Batun dattijon bakanike kuwa, ba sai ka ce masa bai iya ba, kuma ba gaskiya ba ne ma a ce bai iya ba. Mutumin da ya riƙe motar mahaifinka ya riƙe taka ya san abubuwa da yawa da ni da kai ba mu sani ba. Neman ya fitar da kai daga asara ne ya sa ya kawo wannan dabara. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba, ka ce, "Baba, na yi tunani, tunda kayan nan lafiyayyu ne gara in canza su da na Toyota kafin a taɓa su, ko ka san wanda zai saya?" Ka ga ka ba shi wani aikin da zai taimake ka da shi, kuma da wuya a ce bai san mai Marsandin da ke nema ba. In ya nace, ka ce hankalin iyali ne bai kwanta ba. Dattijo ba zai ja da wannan ba.

Tunda muna kan noti, akwai wata ɗabi'a da ke kashe bol ko da rim ɗin na asali ne, ita ce mai faci ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle. Awon da Toyota ta ba motarka shi ne 103 a ma'aunin Nm, wato kamar a rataya kilo goma da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. A sifanar da ke but ɗinka mai kimanin santimita 30, nauyin kilo 35 ke nan. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a kanta ya ninka awon sau biyu, in kuwa da bututu mai mita ɗaya ne ya ninka fiye da sau shida. Bol ɗin da aka ja haka ya miƙe ya wuce inda zai dawo, ya zama saura ƙiris. Ka nemi wurin da ke da sifana mai awo, wadda ke yin ƙara "ƙas" in an kai adadi, yawancin manyan shagunan taya da masu alaimen suna da ita. A fara ɗaura kowane noti da hannu, ya yi juyi kamar takwas ba tare da ya cije ba, don tiredin da ya kama ya kai kaurin bol ɗin. A ɗaure a tsallake, ɗaya nan ɗaya can kamar zanen tauraro, ba a bi su a jere ba. Kada a shafa wa tiredi man inji ko giris, awon na busasshen tiredi ne. A kankare tsatsa da ƙasa daga fuskar hob kafin a ɗora rim. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sababbin ƙafafu, a sake bin notin duka da sifanar, don sabon zama yakan ɗan saki.

Abu na ƙarshe, ba ka faɗa mini ko an riga an ɗaure rim ɗin Marsandin da ƙarfi a ranar gwaji ba, ko har an ɗan zagaya da motar. In an yi, to kafin tafiyar nan a cire tayoyin a duba bol ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karkata ko kaɗan, ko noti ke cijewa a kansa, ko tiredinsa ya yi ƙyalli ya siranta a wuri guda, a fitar da shi a sa sabo. Kada a miƙar da shi da guduma. Bol ɗin Camry ba tsada gare shi ba, kuma bugo shi ake yi ta baya a ja sabo, aikin da bakanikenka zai gama kafin la'asar. A hanya kuma, in ka ji sitiyari ya fara wata karkarwa da ba ka saba ji ba, ko wani ƙwas-ƙwas da ke bin juyin taya yana sauyawa in ka taka birki, ko ka ga baƙin gari kamar toka ya yi layi daga bakin wani noti, ka sauka gefe nan take ka sa sifana, kada ka ce bari a kai gari na gaba.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaida maiɗakin.